Lugude a Cikin Sakit: Abin da Furojek Ɗinmu Ya Koya Mana Kan Batir da Karkarwar Sigina

Daga wani ɗalibin HND II, Sashen Injiniyan Lantarki

Kafin mu tattara komatsanmu mu bar muku makaranta, editan wannan mujalla ya tsare ni a bakin kafteriya ya ce lallai sai na rubuta wani abu kan furojek ɗin da muka kare. Na ce to, amma da sharaɗi: ba zan kwafo muku babi na biyu na rahotonmu ba, don ni kaina barci yake sa ni. Inda muka yi tuntuɓe zan nuna muku, da dalilin tuntuɓen, saboda 'yan ND II da HND I masu shirin zaɓen nasu aikin kada su faɗa ramin da muka faɗa. Ka jawo biro da takarda da kalkuleta. Akwai ɗan lissafi, amma ba mai firgitarwa ba ne.

Abin da muka sa a gaba

Mu biyu ne a aikin, ni da abokina. Kowa ya san yadda firaktikal ke watsewa in aka ɗauke wuta: inbatar ɗakin gwaji sikof biyu kawai take iya ɗauka, sauran na'urori sai dai kallo. Sai muka ce bari mu haɗa ƙaramar na'urar samar da sigina mai aiki da batir. Malamin da ke duba aikinmu ya gindaya mana sharuɗɗa: ta ba da firikwansi daga 1 Hz zuwa 3 MHz, ta fitar da sayin da sikwaya, ta yi awa 8 a kan batir, kuma siginar ta kasance "mai tsafta". Sharuɗɗa ukun farko mun rubuta su a littafi. Na huɗun kai kawai muka gyaɗa, ba mu tambayi me ake nufi da tsafta ba. Shi ne ya kusa ja mana maimaita shekara.

Yadda lambobi ke zama firikwansi

Firikwansi dai shi ne sau nawa sigina ke maimaita kanta a sakan ɗaya. Hanyar da muka zaɓa ta samar da shi ita ce DDS, wato ƙera firikwansi kai tsaye da lissafin lambobi. Ba sabuwar dabara ba ce, wasu injiniyoyi uku a Amurka, Tierney da Rader da Gold, su suka wallafa ta tun 1971.

Ga yadda nake fahimtarta. Ka zana da'ira a ƙasa, ka haƙa gurbi 16 a jikinta irin na dara, ka ba su lamba daga 0 zuwa 15. Ka ajiye tsakuwa a gurbin 0. Wani yana gefe yana tafi a kai a kai, shi ne agogon sakit. Duk tafi ɗaya ka matsar da tsakuwar gurbi 3. Za ta bi 3, 6, 9, 12, 15, sannan ta zagayo ta faɗa 2, ta ci gaba 5, 8, 11, 14, ta sake zagayowa 1, 4, 7, 10, 13, ta dawo 0. A tafi 16 ta yi zagaye 3. Da gurbi ɗaya-ɗaya kake matsar da ita, zagaye 1 za ta yi. Ka ga ke nan ba ka taɓa saurin mai tafi ba, tsawon tsalle kawai ka canja, saurin zagaye ya canja. Wannan shi ne DDS gaba ɗayansa:

firikwansin fita = M × firikwansin agogo ÷ 2^N

M shi ne tsawon tsalle, 2^N kuma yawan gurabu.

IC ɗin da muka yi amfani da shi AD9833 ne na kamfanin Analog Devices. Ma'ajin lissafinsa bit 28 ne, wato gurabu 268,435,456, agogonsa kuma yana kaiwa 25 MHz. Raba 25,000,000 da wannan adadi, za ka samu kusan 0.093 Hz. Ma'ana kana iya matsar da firikwansi da ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na Hz. In kana son 3 MHz, M zai zama 0.12 × 268,435,456, wato 32,212,255 in an cike.

Daga nan IC yana ɗaukar lambar gurbin da tsakuwa take, ya duba teburin sayin da ke cikinsa ya ga tsayin da ya dace da wannan wuri, ya miƙa wa DAC mai bit 10 ta mayar da lambar boltej. Sai sayin ya fito hawa-hawa kamar matakalar bene. In kuma sikwaya ka nema, akwai gajeriyar hanya: IC ya fito maka da bit mafi girma kawai. Tsakuwa na rabi ɗaya na da'ira, 1. Tana ɗaya rabin, 0. Wannan gajeriyar hanya muka bi, muna murna mun tsira daga sayen ƙarin kaya.

Ranar da layi ya zama biyu

Saura sati uku a kare furojek muka kai na'urar ɗakin gwaji. Muka sa 3 MHz, muka jona kaunta, ta nuna 3.0000 MHz ko motsi ba ta yi. Abokina har ya ɗauki hoto ya tura gida. Sai dattijon nan mai kula da kayan ɗakin gwaji, wanda kowa ke kira Baba, ya leƙo ya ce, "Samari, ku jona sikof mu gani."

Muka jona. Gefen farko na siginar, wato inda take tashi daga 0 zuwa 1, ya tsaya cak, don a kansa sikof ke kamawa. Amma gefen da ke biye ya fito layi biyu, ɗaya mai haske, ɗaya dishi-dishi a damansa. Na ce, "Baba, ina jin sikof ɗin ne ya tsufa." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, sikof ɗin nan ya yaye ɗalibai kafin a haife ka. Auna mini tazarar layukan." Na auna: 40 ns. Ya ce, "Agogonku nawa ne?" Na ce 25 MHz. Ya ce, "Ɗaya bisa 25 MHz fa?" Na danna kalkuleta, 40 ns. Jikina ya yi sanyi. Sai ya ce, "To sa 3.125 MHz." Ina sawa layi ya koma ɗaya tas. Ya juya ya tafi abinsa, ya bar mu da baki buɗe.

Koma kan gurabunmu ka ga abin da ya faru. Zagayen farko ya ci tafi 6, na biyu 5, na uku 5. Matsakaici 5.33 ne, amma babu zagaye ko ɗaya da ya ci 5.33, saboda tsakuwa ba ta motsi sai an tafa. Haka yake a na'urarmu. 25 a raba da 3 ya ba da 8.33, don haka zagaye yakan ci bugun agogo 8, wani 8, wani 9. A lokaci, 320 ns, 320 ns, 360 ns. Haɗa su ka samu 1000 ns a zagaye uku, daidai 3 MHz. Kaunta ba ta yi ƙarya ba, ita jimilla take ƙirgawa na tsawon sakan guda. Sikof ma bai yi ƙarya ba, shi kowane gefe yake kallo. Shi kuwa 3.125 MHz, 25 ne a raba da 8 cif, tsakuwa na dawowa gurbinta na farko a kowane zagaye, shi ya sa ya fito tsaf.

Mene ne karkarwa, kuma ina ruwanmu da ita?

Wannan abu a littattafanmu sunansa jita, ba jitar mawaƙa ba. Ni karkarwa nake ce mata: gefen sigina ya zo kafin lokacinsa ko bayan lokacinsa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata uku, turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. A ce ɗayarsu tana sauke taɓarya sau 40 a minti kamar sauran, amma wani bugun ta yi gaggawa, wani ta makara. In ka ƙirga, lissafinta daidai. Amma taɓare za su gwabza, hatsi ya watse. Sakit na dijital lugude ne: wani na ajiye bayani a kan waya, wani na ɗauka, kowa da lokacinsa.

Girman matsalar ya danganta da aikin da za ka yi. A 1 kHz zagaye ɗaya 1 ms ne, 40 ns kuwa kashi 0.004 ne cikin ɗari, ba wanda zai lura. A 3 MHz zagaye 333 ns ne, 40 ns ya zama kashi 12 cikin ɗari. Inda abin ya fi ciwo shi ne in siginarka ce za ta zama agogon ADC, mai mayar da boltej lamba. In an ɗauki awo a lokacin da ba nasa ba, an ɗauki ƙimar da ba ita ba. Akwai ƙa'ida:

iyakar tsaftar sigina a dB = −20 log(2π × f × karkarwa)

Gwada da sauti mai 20 kHz da ADC mai bit 16, wadda ke iya ba da kusan 98 dB. Don kada agogo ya ɓata wannan, karkarwarsa ba za ta wuce kusan 100 ps ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ns guda. Mu kuma muna riƙe da 40 ns muna tura hoto gida.

Maganin farko: rariya da kwamfareta

Abin da ya ɗauke ni kwana biyu kafin in gane shi ne, IC ɗin ya san ainihin lokacin da ya kamata gefe ya faɗo, mu ne muka jefar da wannan sani. Duba gurabu: in tsakuwa ta zagayo ta faɗa 2, wannan 2 ɗin yana gaya maka nisan da ta wuce layi. Bit mafi girma ba ruwansa da wannan, 0 ko 1 kawai ya sani. Amma tsayin matakalar sayin yana ɗauke da shi. In ka goge matakalar ta zama lanƙwasa mai santsi, za ta ratsa tsakiya a ainihin lokacin, ko da lokacin ya faɗo tsakanin bugun agogo biyu.

Mai goge matakala ita ce filta mai barin ƙananan firikwansi su wuce, ni rariya nake ce mata. Me take tacewa? Duk DDS yana fitar da inuwar siginarsa a firikwansin agogo a debe na fita, da kuma a tara. Namu a 3 MHz, inuwa na 22 MHz da 28 MHz. Muka haɗa rariya da koyil 2 da kafasita 3, mai yankewa a wajen 4 MHz, muka lissafa ta da resista 200 Ω da ke cikin IC ɗin a bakin fitarsa. Abin daɗi, rariyar koyil da kafasita ba ta jan komai daga batir. Tsafta ce kyauta.

Bayan rariya sai kwamfareta, mai duba sayin ta ce 1 in ya haura tsakiya, 0 in ya sauka. A nan muka so yin araha. Muna da LM393 a akwati, tana cin wuta kaɗan, amma takardar bayaninta ta nuna tana ɗaukar kusan 1.3 µs kafin ta amsa. Zagayenmu duka 333 ns ne, kafin ta buɗe baki an yi zagaye huɗu. Dole muka nemi TLV3501, mai amsawa a 4.5 ns, mai jan kusan 3.2 mA. Wani ɗan ajinmu da ya yi odar guda biyu ya sayar mana da ɗaya, kuɗin cefanen sati guda ya tafi. Araha ba ta ado.

Ga ƙa'idar da nake so ka haddace, ko ka manta komai a rubutun nan:

karkarwa = hayaniyar boltej ÷ saurin tashin sigina

Sayin yana ratsa tsakiya da saurin 2π × f × A. Namu A kusan 0.3 V ne, don haka a 3 MHz saurin ya kai 5.65 V a kowane µs. Hayaniyar 5 mV a bakin kwamfareta za ta ba da kusan 0.9 ns. Ta 25 mV za ta ba da 4.4 ns. Hanya biyu ke nan kawai ta rage karkarwa: ka rage hayaniya, ko ka ƙara wa gefe kaifi. Ka riƙe wannan, yanzu za mu dawo kansa.

Ina wutar take tafiya?

Matsala ta biyu batir. Haɗinmu na farko allon Arduino Uno ne da LCD mai fitila da allon DDS, a kan batir ɗin nan mai kusurwa huɗu na 9 V. Bai kai awa uku ba ya mutu, Malam kuma awa 8 ya ce.

Abokina ya kawo shawara ta farko. Ya ce ai an koya mana wutar da sakit na CMOS ke ci tana bin P = C × V² × f, to mu sauke agogo daga 25 MHz zuwa 5 MHz. A takarda muka kashe wannan shawara. DDS ba ya iya fitar da abin da ya kai rabin agogonsa, wannan dokar Nyquist ce, a aikace ma ba a so a wuce kashi 40 cikin ɗari. Rabin 5 MHz bai kai 3 MHz ba. Ko da ya kai, inuwa za ta matso kusa da sigina har rariya ta kasa raba su, karkarwar gajeriyar hanya kuma ta tashi daga 40 ns zuwa 200 ns. Amma kada ka yar da dabarar. In aikinka na sauti ne, bai wuce 20 kHz ba, agogon 1 MHz ya wadatar, zai rage cin wuta, kuma matakin firikwansi zai koma 0.004 Hz. Agogo ana zaɓensa ne daidai da firikwansi mafi girma da kake buƙata.

Shawara ta biyu tawa ce, kuma ita muka gwada. Na ce regiletar da ke sauke 9 V zuwa 5 V tana ƙona kashi 44 cikin ɗari a zafi, to mu sa regileta mai kunna-kashe, irin ƙananan allunan nan masu araha, da batir lithium biyu a jere. Batir ya ƙara daɗewa kam. Amma muna jona sikof, layin da muka sha wuya muka sirantar ya sake yin kauri. Muka auna layin wuta, muka tarar da tsalle-tsalle na kusan 50 mV. Irin wannan regileta tana kunnawa da kashewa sau dubbai masu yawa a sakan, mu kuma da resista biyu muka raba wannan layin wuta muka samo boltej ɗin tsakiya na kwamfareta. Rabin hayaniyar ya shige kai tsaye. 25 mV, ka tuna lissafinmu na sama? Da hannunmu muka sayo karkarwa.

Sai a lokacin muka yi abin da ya kamata mu fara da shi. Muka koma haɗin farko, muka sa mita a jere da kowane sashe, ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani: allon Arduino wajen 50 mA, LCD da fitilarsa wajen 25 mA, allon DDS da osiletarsa wajen 10 mA. Jimilla 85 mA, a 9 V ya zama 765 mW. Takardar bayanin AD9833 kuwa ta ce shi 12.65 mW yake ci a 3 V. Wato mai aikin gaske bai ci kashi 2 cikin ɗari ba. Sauran duk 'yan rakiya ne suka cinye tuwon, mu kuma mun tashi za mu yi wa mai gida rowa.

Ga gyaran da muka yi:

Na ɗaya, muka cire allon Arduino, muka sa ATmega328P tsuransa a 3.3 V, yana gudu a 8 MHz da agogonsa na ciki. A nan V² ke aiki: 3.3² a kan 5² kashi 44 ne cikin ɗari, ga f ma ya ragu da rabi. Lura, a 3.3 V wannan IC ba a ba shi izinin 16 MHz ba.

Na biyu, muka sa shi barci. AD9833 in ka rubuta masa M sau ɗaya yana riƙe da shi, ya ci gaba da aiki shi kaɗai. To me maikuro ke yi a farke? Yana aika lamba, ya kwanta, sai an taɓa maɓalli ya tashi. Riba biyu: ba ya cin wuta, kuma ba ya zuba hayaniya a layin wuta.

Na uku, fitilar LCD tana mutuwa bayan sakan 10. Muka nemi LCD mai aiki a 3.3 V.

Na huɗu, batir lithium 18650 guda ɗaya da muka ciro daga tsohon batir ɗin laftof, da regileta ta LDO mai 3.3 V. Daga 3.7 V zuwa 3.3 V asara kashi 11 ce kawai cikin ɗari, kuma babu kunna-kashe. In boltej ɗin batir yana kusa da wanda kake buƙata, ba ka da hujjar jawo wa kanka hayaniya. Ka dai duba abin da regiletar ke ci ita kanta: 7805 tana shan wajen 5 mA ko ba ta aikin komai, MCP1700 kuwa 1.6 µA.

Na biyar, a ƙasa da 10 kHz muna kashe kwamfareta ta ƙafarta ta kashewa, mu koma gajeriyar hanya da maɓallin zaɓi, tunda a can 40 ns ba ya cutar da kowa.

Abin da ba mu taɓa ba: osiletar 25 MHz da kwamfareta mai sauri in ana manyan firikwansi. Su muka bari suka ci suka ƙoshi.

Me ya sa ba a samun duka biyu kyauta?

Wani zai ce, to masu ƙera IC su yi wanda ba ya cin wuta kuma ba ya karkarwa mana. Akwai iyaka daga halitta. Zafi kansa yana girgiza elektron, kuma hayaniyar da ke kan kafasita ita ce √(kT/C). A zafin ɗaki, kafasita mai 1 pF tana ɗauke da kusan 64 µV. In kana son rage wannan da rabi, sai ka ninka C sau huɗu. Ninka C sau huɗu kuwa, a P = C × V² × f, ninka wuta ne sau huɗu. In kuma ka sauke V don ka huta, gefe ya rasa kaifi, ƙa'idarmu ta sama ta kama ka. Shi ya sa masu zana irin waɗannan sakit suke auna gwanintarsu da karkarwa a ninka da kanta a ninka da wuta: rabin karkarwa, wuta ninki huɗu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tunda dole a biya, hikimar ita ce ka biya a wuri ɗaya ko biyu inda ake haifar gefen sigina, ka matse hannu a duk sauran.

Ƙananan abubuwa masu manyan sakamako

Allon gwaji mai ramuka da dogayen wayoyi ba wurin 25 MHz ba ne. Kowace doguwar waya eriya ce. Mun koma allo mai shimfiɗar tagulla a ƙasa, muka like komai da dalma. Kafasita 100 nF a jikin ƙafar wutar kowane IC, ba can nesa ba, da 10 µF a bayanta. Layin agogo gajere, nesa da rariya. Boltej ɗin tsakiya na kwamfareta shi ma muka sa masa kafasitarsa. Wajen awo kuma, doguwar wayar ƙasa ta furob mai bakin kada tana kwaso hayaniyar da ba ta cikin sakit ɗinka. Baba ya nuna mana yadda ake naɗa guntuwar waya a kan furob a maimakonta. Ka kama gefe ɗaya, ka kalli na gaba, ka kunna riƙe-hoto na sikof ka bar shi minti guda. Kaurin layin shi ne karkarwarka.

Ranar kare aiki

Na'urar ta koma jan wajen 14 mA, wato kusan 52 mW, ƙasa da na farko kusan sau 15. Mun bar ta a kunne kwana uku a ɗakinmu ba ta mutu ba. Layin sikof ya zama ɗaya, kaurinsa bai wuce 2 ns ba, iyakar abin da sikof ɗinmu ke iya rarrabewa ke nan. Malamin da aka gayyato daga wata makaranta bai ko kalli kaunta ba. Ya ce, "Sa 3 MHz, jona sikof." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Me ya sa ba ku ɗauki sikwaya daga IC kai tsaye ba, ga shi yana bayarwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗauka, ta ba mu layi biyu." Na ɗauki alli na zana masa gurbi 16. Baba na bakin ƙofa yana yi kamar yana goge mita.

Gwada da kanka

Ga aikin gida, ba maki, amma zai yi maka rana:

1. Da gurbi 16, ka bi tsallen M = 4, sannan M = 5, sannan M = 6. Wanne ne zagayensa duka tsawonsu ɗaya, kuma me ya sa?

2. AD9850 yana da bit 32 da agogon 125 MHz. Nawa ne matakin firikwansinsa? Nawa ne bugun agogonsa ɗaya a ns? Takardarsa ta ce yana cin 380 mW a 5 V. A wane irin aiki ne wannan ƙarin wuta ya cancanci kuɗinsa?

3. Sayin mai A = 0.3 V a 100 kHz, hayaniya 5 mV. Nawa ce karkarwar, kuma kashi nawa ce ta zagaye ɗaya? Kwatanta da ta 3 MHz.

Shawarata ta ƙarshe ga masu fara furojek: ranar da aka ba ku sharuɗɗa, duk kalmar da ba ta zo da lamba ba, irin su "mai tsafta" ko "mai daɗewa", ku tsaya ku tambaya cikin ladabi, "Malam, nawa?" Sannan ku sa mita a kan kowane sashe tun makon farko, ku kai aikin gaban sikof tun yana ɗanye. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu mun fafe namu saura sati uku, Allah ne ya rufa asiri. Na'urar tana ɗakin gwaji a hannun Baba. Wanda ya warware tambayoyin nan ya je ya gaishe shi, ya roƙi ya jona masa ita a sikof, ya murɗa maɓallin zaɓi zuwa gajeriyar hanya a 3 MHz ya ga layi biyun da idonsa. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.